Wa Ya Saki, Wa Aka Raba da Nasa? Nazarin Kalmomin Rashi da Sallamawa a Ingilishi

Tsakure

Maƙalar ta nazarci wasu aikatau na Ingilishi da ke bayyana rabuwar mutum da abin da ke hannunsa, wato *lose, forfeit, waive, renounce, forgo, resign, abdicate, relinquish, surrender, concede, cede, abandon* da *give up*. An auna kowannensu da tambayoyi huɗu: niyya, dalili, irin abin da aka rabu da shi, da inda abin ya nufa. Hujjar maƙalar ita ce, kowace daga cikin kalmomin nan tana yanke hukunci a kan wanda alhakin rabuwar ya rataya a wuyansa. An kuma nuna cewa Hausa tana da nata kayan aikin yanke wannan hukunci, musamman giredin aikatau na biyar, sai dai iyakokinta ba su faɗa daidai kan na Ingilishi ba, kuma a nan ne mai fassara da tafinta suke tuntuɓe.

1.0 Gabatarwa

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya tanadi hanyoyi uku da mutum zai rabu da matsayinsa na ɗan ƙasa, ya kuma kawo su a sassa uku a jere. Sashe na 28 ya yi amfani da *forfeit*: wanda ba haifaffen ɗan ƙasa ba ne, in ya karɓi zama ɗan wata ƙasa wadda ita ma ba haifaffenta ba ne, to matsayinsa na nan ya faɗi. Sashe na 29 ya yi amfani da *renounce*: baligi ya bayyana bisa ƙa'ida cewa ya fita, shugaban ƙasa ya sa a yi rajistar bayanin. Sashe na 30 kuwa *deprive* ya ɗauko: shugaban ƙasa ne ke raba mutum da matsayin, kamar wanda aka ba zama ɗan ƙasa, kafin shekara bakwai kotu ta ɗaure shi shekara uku ko fiye.

Ƙarshen duka ukun ɗaya ne, mutum ya wayi gari ba ɗan Nijeriya ba. Amma a na farko aikin hannunsa ne ya jawo, doka ta zartar. A na biyu shi ya zaɓa da bakinsa. A na uku wani ne ya yi masa. Wanda ya fassara dukansu da “rasa zama ɗan ƙasa” bai yi ƙarya ba, sai dai ya shafe dalilin da ya sa masu rubuta dokar suka ware sassa uku maimakon ɗaya.

Manufar wannan maƙala ita ce fito da irin waɗannan iyakoki fili, domin amfanin malamin Ingilishi da ke koyar da ɗalibai Hausawa, da mai fassara labarai a gidan rediyo, da tafintan kotu, wanda kuskurensa kan iya cin dukiyar wani.

2.0 Waiwaye

Al'adar rarrabe kalmomi masu kama da juna ta shigo Ingilishi ne daga Faransa. Girard ya fitar da littafinsa a 1718, Trusler ya kwaikwaye shi da Ingilishi a 1766, Piozzi ta biyo baya a 1794, Crabb kuma a 1816. Crabb ya dogara ƙwarai da asalin kalma wajen bayanin ma'anarta, hanyar da ke da amfani amma ba ta wadatarwa, domin kalma takan yi nisa da gidan ubanta. Roget (1852) ya tattara kalmomi rukuni-rukuni ba tare da ya rarrabe su ba, kuma littattafai irin nasa ne ke sa ɗalibi ya zaci duk kalmomin da aka jera a layi ɗaya za su iya riƙe wa juna wuri. Ƙamus ɗin Webster na 1942 ya koma kan rarrabewa da misalai.

A fagen ilimin ma'ana, Bloomfield (1933) yana ganin babu kalmomi biyu da ma'anarsu ta zama ɗaya tak. Ullmann (1962) da Lyons (1977) sun sassauta, sun yarda akwai su amma ƙalilan ne. Cruse (1986) ya shimfiɗa matakai, tun daga kalmomin da ke musanya juna a ko'ina har zuwa waɗanda ma'anarsu ta kusanci juna amma musanya su kan canja gaskiyar jimla. A wannan maƙala za a kira na farko *tagwayen ma'ana*, na ƙarshe kuwa *maƙwabtan ma'ana*: katanga ɗaya suka haɗa, amma kowa da ƙofar gidansa. Kalmomin da ake nazari a nan duk maƙwabta ne. An kuma ɗauki ra'ayin Firth (1957) da Sinclair (1991) cewa ana gane kalma ta wurin kalmomin da ta saba tafiya da su, waɗanda za a kira *abokan burminta*, da hanyar Nida (1975) ta warware ma'ana zuwa sinadaranta.

A ɓangaren Hausa, ƙamusoshin Bargery (1934), Abraham (1949), Skinner (1965), Ma Newman (1990) da na Jami'ar Bayero (2006) su ne madogara. Aikin ƙamus dai shi ne ya bi kalma ɗaya-ɗaya bisa jerin haruffa, don haka *cede* da *waive* ba za su haɗu a shafi ɗaya ba balle a gwada su. Wannan giɓi ne maƙalar ke son taɓawa.

3.0 Hanyar Nazari

An yi wa kowace kalma tambayoyi huɗu. Na ɗaya, da nufin mai abu aka rabu ko ba da nufinsa ba? Na biyu, me ya jawo: tsautsayi, ƙa'ida, ƙarfi ko zaɓi? Na uku, mene ne abin: kaya, haƙƙi, muƙami ko ƙasa? Na huɗu, akwai mai karɓa ko babu?

An bi amsoshin da gwaji biyu. Gwajin musanya shi ne a cire kalma a sa maƙwabciyarta a ga ko jimlar ta tsira. Gwajin niyya kuwa shi ne a ƙara bayanau mai nuna ganganci ko kuskure. Alamar tambaya a gaban jimla tana nuna nahawunta daidai ne amma kunnen mai harshen zai ƙi ta:

(1) ? *He accidentally renounced his title.*
(2) *They deliberately lost the match.*

Jimla ta (1) ta yi karo da kanta, domin *renounce* ba ta aukuwa bisa kuskure. Ta (2) ta tsira, amma ma'anarta ta koma zargi, wato sun sayar da wasan. Misalan da ke tafe iri biyu ne: ƙirƙirarrun jimloli masu lamba, da abubuwan da suka faru a tarihi waɗanda aka san kalmar da aka yi amfani da ita a kansu.

4.0 Nazari

4.1 *Lose*: kalma ɗaya, fassara barkatai

Ita ce uwar rukunin, kuma ita ce ta fi nisa da niyya. Abin lura shi ne inda Ingilishi ya wadatu da kalma ɗaya, Hausa tana buƙatar kusan goma. Makulli *ɓacewa* yake yi. Mahaifi *rasa* shi ake yi. Ɗan kasuwa *asara* yake yi ko ya *faɗi*. Ɗan takara ya *faɗi zaɓe*, ƙungiyar ƙwallo ta *sha kaye*, matafiyi ya *yi ɓatan kai*, majinyaci ya *rame*, mai fushi ya *hasala*. Duk waɗannan *lose* ce a Ingilishi, abokan burminta ne kawai ke sauyawa. Saboda haka ɗalibi Bahaushe ba ya shan wuyar fahimtarta. Wuyarsa ita ce yakan miƙa ta inda ba ta kai ba, ya yi amfani da ita a wurin da Ingilishi ke son a fayyace alhaki.

4.2 *Forfeit*: aikin kai da ƙa'ida

Wannan ita ce mafi wuyar sha'ani, kuma a kanta ya kamata a daɗe. Asalinta Faransanci ne, inda take nufin laifi, daga baya ta koma nufin abin da ake rabuwa da shi saboda laifin. Tana tsaka-tsaki: mai abu bai so rabuwa da shi ba, kamar a *lose*, amma shi ya aikata abin da ya jawo, kamar a *renounce*. Sinadaranta uku ne: ƙa'idar da aka shimfiɗa tun farko, aikin da ya taɓa ƙa'idar, da faɗuwar haƙƙi a sakamakon haka.

A ɗauka mutum ya taya fili, ya ba da kafin alƙalami naira dubu 200, aka rubuta cewa zai cika sauran cikin wata uku.

(3) *He lost the deposit.*
(4) *He forfeited the deposit.*

A (3) ana iya cewa dillali ne ya gudu da kuɗin, ko sun faɗi a mota. A (4) babu wannan shakku: wata uku ta cika bai biya ba, sharaɗin takarda ya hau kansa, mai fili ya riƙe kuɗin da hujja. Haka abin yake a wasanni. A watan Nuwamban 2017 Nijeriya ta tashi kunnen doki, ɗaya da ɗaya, da Aljeriya a wasan neman zuwa gasar kofin duniya. Daga baya hukumar FIFA ta ba Aljeriya wasan da ci uku da nema, saboda Nijeriya ta sa ɗan wasan da ke ƙarƙashin dakatarwa. A fili ba a ci Nijeriya ba. A ofis ƙa'ida ta ci ta.

Matsalar fassararta tana fitowa ne a labaran kotu. In kotu ta yi umarnin *forfeiture* a kan kadarorin da ake zargin na haram ne, a kan ji an ce “kotu ta ƙwace”. Abu biyu ne suka sauya a nan. Na farko, aikau ya tashi daga mai dukiya ya koma kotu. Na biyu, *ƙwace* a kunnen Bahaushe tana da warin fin ƙarfi. Ita ce kalmar da ake faɗa wa ɓarayin waya a bakin titi. Takwarorinta a Ingilishi su ne *seize* da *confiscate*. Tsarin *forfeiture* kuwa yana da matakai: umarnin wucin gadi, sannan sanarwa domin duk mai da'awa ya zo ya kare, sannan umarnin ƙarshe. Kalmar *ƙwace* ba ta bar wa waɗannan matakai wuri ba.

Hausa tana da kalmar da ta fi dacewa, wadda malaman fiƙihu suka daɗe da ita a zaure: *saraya*. A mazhabar Malikiyya ana cewa haƙƙin uwa na riƙon ɗanta yakan saraya in ta auri bare ga yaron. Ba laifi ta yi ba, amma aikinta ya taɓa ƙa'ida, haƙƙi ya faɗi. Wannan shi ne ginin Sashe na 28 daidai wa daida, domin karɓar zama ɗan wata ƙasa ba laifi ba ne. Ke nan bayanin da ake yawan yi wa ɗalibai cewa *forfeit* “rashi ne saboda laifi” ya yi ƙunci; abin da ake buƙata shi ne sharaɗi da aikin da ya motsa shi.

4.3 *Waive, renounce* da *forgo*: haƙƙin da mai shi ya bari

*Waive* tana tafiya da haƙƙi, kuɗin da ya wajaba, ko sharaɗi. Haƙƙin yana nan da ƙarfinsa, mai shi ne ya zaɓi kada ya nema. Shi ya sa sai mai haƙƙi kaɗai ke iya yinta. Yarjejeniyar Vienna ta 1961 kan hulɗar jakadanci ta nuna haka a sashe na 32: kariyar jami'in jakadanci ƙasar da ta turo shi ce ke iya ɗauke ta, kuma sai ta faɗa a bayyane. Shi jami'in ba shi da wannan iko, domin kariyar ta ƙasarsa ce.

Fassarar da ta fi saurin zuwa baki ita ce *yafe*, kuma tana dacewa a wurare da yawa: mace ta yafe sauran sadakinta, magada sun yafe diyya, jami'a ta yafe wa maraya kuɗin rajista. Sai dai *yafe* ta fi faɗi ta wani gefe, domin tana shiga laifi da zunubi, inda *waive* ba ta zuwa. Ta kuma fi ƙunci ta wani gefen, domin tana ɗauke da alheri ga wani. Wanda ake tuhuma in ya ce zai yi magana ba tare da lauya ba, Ingilishi zai ce *he waived his right*, amma ba wanda ya yi wa alheri. A nan “ya haƙura da” ko “ya sarayar da” sun fi “ya yafe”.

*Renounce* ta bambanta da furuci. Ba a yinta a zuci, ba a yinta na rana ɗaya. Mai yinta yana yanke alaƙa ne a bainar jama'a, shi ya sa take tafiya da sarauta, aƙida, zama ɗan ƙasa da tashin hankali. Sashe na 9 na tsarin mulkin Japan, wanda ya fara aiki a 1947, da ita ya bayyana barin yaƙi. Ba wanda Japan ta miƙa wa yaƙin. Barranta ta yi da shi. *Forgo* kuwa ta shafi abin da bai riga ya shigo hannu ba, kamar hutu, riba ko alawus, kuma “haƙura da” ta ishe ta.

4.4 *Resign, abdicate* da *relinquish*: barin kujera

Bambancin biyun farko na abokan burmi ne. *Abdicate* ta gadon sarauta ce: Sarki Edward na Takwas na Ingila ya sa hannu a takardar sauka ranar 10 ga Disamba, 1936. *Resign* ta muƙamin naɗi ko zaɓe ce: Shugaba Nixon na Amurka ya sauka ranar 9 ga Agusta, 1974. Hausa ta haɗe su a *murabus*, ko da yake *ajiye aiki* tana nan ga ma'aikaci. In aka ɗauke *abdicate* daga fada aka haɗa ta da *responsibility*, sai ta koma suka, wato mutum ya yi watsi da nauyin da ke kansa.

Akwai abin da ya fi wannan zurfi. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya ya bar gadon sarauta a 1963, bayan binciken da gwamnatin Jihar Arewa ta sa aka yi kan kuɗin En'e ta Kano, ya koma Azare da zama. Mai rubuta wannan da Ingilishi yana da zaɓi tsakanin *abdicated, was forced to abdicate* da *was deposed*, kamar yadda Bahaushe ke da “ya yi murabus”, “an sa shi murabus” da “an tuɓe shi”. Samuwar ta tsakiyar a harsunan biyu tana nuna cewa niyyar da ke cikin waɗannan kalmomi *niyyar takarda* ce, wato wa ya sa hannu, ba *niyyar zuci* ba. Nixon ma bai so sauka ba. Tsoron tsigewa ne ya sa shi. Wannan rarrabewa za ta sake amfani a gaba.

*Relinquish* ba ta buƙatar takarda. Hotonta shi ne hannun da ya daɗe a dunƙule ya buɗe, don haka take tafiya da iko, mulki da riƙo, kuma sau da yawa tana nuna an saki ne da nauyin zuciya. Da ita ake bayyana yadda soja suka miƙa mulki ga Shehu Shagari ranar 1 ga Oktoba, 1979. A Agustan 1993 kuwa Janar Babangida ya kauce wa dukan waɗannan kalmomi, ya zaɓi *step aside*, wato ja gefe, lafazin da bai rufe ƙofar dawowa ba. Masu mulki sun san nauyin kalmomin nan sarai.

4.5 *Surrender, concede* da *cede*: inda akwai mai karɓa

A nan dole akwai ɓangare na biyu. *Surrender* tana nuna fin ƙarfi ko umarnin hukuma. Ranar 15 ga Janairu, 1970, Philip Effiong ya miƙa wuya a madadin Biyafara a barikin Dodan da ke Legas. Amma in kotu ta ce wanda aka ba beli ya yi *surrender* na fasfonsa, “miƙa wuya” ba ta da wuri. Ajiyewa zai yi a hannun kotu, kuma fasfon nasa ne har yanzu.

*Concede* amincewa ce ta baki. Ranar 31 ga Maris, 2015, Shugaba Jonathan ya kira Muhammadu Buhari ta waya ya amsa shan kaye. Mulki kuwa bai bar hannunsa ba sai 29 ga Mayu. Abin da ya bayar a ranar farko shi ne jayayya, wato ya ajiye ta. A harshen ƙwallo kalmar ta zubar da niyya gaba ɗaya, domin *concede a goal* na nufin an zura wa ƙungiya ƙwallo ne kawai.

*Cede* ta ƙasa ce da yarjejeniya. Da ita Sin ta bar wa Birtaniya tsibirin Hong Kong a yarjejeniyar Nanking ta 1842, bayan an ci ta da yaƙi. Da ita kuma Oba Dosunmu ya bar wa Birtaniya Legas ranar 6 ga Agusta, 1861, jirgin yaƙi mai suna Prometheus yana tsaye a gaɓa. A duka biyun akwai niyyar takarda, babu ta zuci, kuma amfanin kalmar ga mai karɓa ke nan: tana mai da abin da aka samu da bakin bindiga ya zama kyautar da aka sa wa hannu. Mai fassara tarihi da ya ce “Dosunmu ya ba Turawa Legas” ya ɗauki ɓangare ba tare da ya sani ba. “Ya sallama” ta fi kusa, domin Bahaushe ya san ana sallama kaya a kasuwa ko da ciniki bai yi daɗi ba.

Kalmar tana da wani ɓoyayyen zato: ba ka *cede* sai abin da yake naka. Ranar 10 ga Oktoba, 2002, Kotun Duniya ta yanke cewa yankin Bakassi na Kamaru ne, bisa yarjejeniyar Birtaniya da Jamus ta 1913. Yarjejeniyar Greentree ta 2006 ta yi maganar janyewa da miƙa iko, aka kammala a Agustan 2008. Wanda ya ce Nijeriya ta yi *cede* na Bakassi yana cewa ne a fakaice yankin nata ne ta bayar. Wanda ya ce *withdraw* ko *hand over* ya tsaya kan hukuncin kotun. A Hausa ma “ta sallama wa Kamaru”, “ta miƙa wa Kamaru” da “ta mayar wa Kamaru” matsayi uku ne daban-daban, kuma edita ya kamata ya san wanne ya zaɓa.

4.6 *Abandon*: bari ba mai karɓa

Ita ce kishiyar rukunin da ya gabata. Mai abu ya juya baya, bai damƙa wa kowa ba, bai kuma yi niyyar dawowa ba. Hausa tana da *yi watsi da, yashe* da *yar da*. Tana ɗauke da zargi in abin yana da haƙƙi a kan mai shi, kamar iyali ko aikin kwangila, amma babu zargi in matuƙin jirgin ruwa ya ba da umarnin a fice daga jirgin da ke nitsewa.

Sinadarin rashin niyyar dawowa shi ne mai haɗari. Bayan yaƙin basasar 1967 zuwa 1970, gidajen 'yan ƙabilar Ibo da suka tsere daga Fatakwal an kira su *abandoned property*, kuma da yawa daga masu su ba su sake samun su ba. Sifar ta riga shari'a yanke hukunci, domin ta jingina wa mai gudun tsira niyyar barin dukiyarsa. A Hausa ba a kiran gidan ɗan gudun hijira yasasshe muddin yana riƙe da makullinsa.

4.7 *Give up* da tushen yawan kalmomin

*Give up* tana iya shiga kusan ko'ina a maganar yau da kullum: daina shan taba, ba dattijo kujera, fid da rai, miƙa kai ga 'yan sanda. Ita da *lose* da *forgo* tsoffin 'yan gida ne. Sauran duk baƙi ne daga Faransanci ko Latin, kuma da yawansu ta ƙofar kotu suka shigo. Bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a. An yi dokar yin shari'a da Ingilishi a 1362, amma Latin da Faransancin lauyoyi ba su bar takardun kotu ba sai bayan dokar 1730. Kotu kuwa sana'arta ke nan ta tantance wa ya saki da wa aka raba da nasa, shi ya sa kalmomin suka yi kaifi. Hausa ta bi irin wannan hanya da Larabci: *haƙƙi, asara, sallama* da *sadaka*, wadda ta haifi *sadaukar*, duk ta hannun malamai da alƙalai suka zauna.

5.0 Giredi na Biyar da Aikin Fassara

Parsons (1960) ya kasa aikatau na Hausa giredi bakwai. Na biyar, mai ƙarewa da *-ar*, an daɗe ana ɗaukarsa na sa wani aiki, har Newman ya nuna cewa ainihin ma'anarsa ita ce fitar da abu daga wurin aikau, kamar a *sayar, zubar* da *bayar*. Wannan ya sa Hausa take da tagwayen sigogi a fagen rashi: *ɓace* da *ɓatar*, *salwanta* da *salwantar*, *saraya* da *sarayar*. A sigar farko abin ne aikau, mai shi yana gefe. A ta biyu mai shi ne aikau.

(5) Kuɗin ya ɓace mini.
(6) Na ɓatar da kuɗin.

Yaron da aka aika kasuwa ya san bambancin (5) da (6) tun kafin ya shiga makaranta, ya kuma san wadda za ta jawo masa bulala. Ingilishi zai fassara duka biyun da *I lost the money*. Ke nan abin da Ingilishi ke yi da sauya kalma, Hausa tana yin wani ɓangarensa da ƙirar kalma, kuma malami zai fi cin riba in ya fara daga (5) da (6) kafin ya kawo *lose, forfeit* da *waive*, maimakon ya ba ɗalibai jerin kalmomi su haddace.

Sai dai giredi na biyar alhaki yake nunawa, bai rarrabe zaɓi da sakaci ba. “Ya sarayar da haƙƙinsa” tana iya zama *waive*, tana iya zama *forfeit*. Shawarar wannan maƙala ga masu fassarar doka ita ce a keɓe sigar ƙi-karɓau ga *forfeit*, a ce “haƙƙinsa ya saraya” tare da ambaton sharaɗin da ya jawo, a bar sigar *sarayar* ga *waive*, a ƙarfafa ta da “don kansa” in da buƙata. *Ƙwace* a bar ta ga *seize* da *confiscate*, *barranta* ga *renounce*, *sallama* ga *cede*.

Inda za a fara gwada wannan shi ne teburin beli. Alƙali ya bayyana wa mai tsaya wa wani cewa zai yi *forfeit* na kuɗin da ya ɗaure kansa da su in wanda ake tuhuma ya ƙi zuwa. In tafinta ya ce “za ka rasa kuɗinka”, dattijon zai ji kamar tsautsayi ake yi masa gargaɗi a kai. In ya ce “za a ƙwace maka kuɗi”, zai ji barazana, wataƙila ya fasa tsayawa ɗan'uwansa ya kwana a tsare. Abin da alƙali ya faɗa shi ne: “Baba, kuɗin nan naka ne muddin yaron yana zuwa kotu, ranar da ya ƙi zuwa ba da uzuri ba, sun saraya, sun zama na hukuma.”